Ƙwayar Aiki da Zuciyar Lebura a Fadamun Gabashin Sakkwato

Da zarar ruwan damina ya janye daga fadamun Rima da na gulbin da ya ratsa ta Rabah, sai wani sabon aiki ya tashi. A Wurno ana dasa albasa da tafarnuwa, a Goronyo ana gyara fangalin shinkafa a ƙarƙashin madatsar ruwan da aka kammala a 1984, wadda aka gina domin ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Noman rani shi ne ƙashin bayan wannan yanki, kuma aiki ne na jiki zalla: kaftu, dashe a sunkuye cikin taɓo, jan tiyo, yankan shinkafa da bugunta, dakon buhun albasa daga gona zuwa bakin hanya. Kafin a kai ga cire amfani, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana kan haura digiri 40.

Mafi yawan wannan aiki jinga ake bayar da shi. Ba a biyan mutum kuɗin wuninsa, ana biyansa kuɗin abin da ya kammala. Wanda ya gama fangali uku ya fi wanda ya gama biyu komawa gida da abin cefane. A nan ƙwaya ta samu ƙofar shiga. Tiramadol, wadda aka fi kira tiramol, tana ɗauke ciwon baya da na gwiwa, tana sa mutum ya ji kamar bai taɓa gajiya ba. Leburan da ke haɗiyar ta da shayin safe bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba, mutanen unguwarsu ma ba su ɗauke shi haka ba. Yana salla cikin jam'i, yana ciyar da iyali, ba ya tangaɗi a kan hanya. Maganin ƙarfi yake sha. Haka ɗan kabu-kabun da ke wuni tsakanin Achida da cikin garin Wurno, haka mai lodin mota ranar kasuwa.

Mu a ƙasar Hausa, hauka muka fi sanin ƙwaya da shi. Idan aka ce ta lalata yaro, abin da ke zuwa a rai shi ne sambatu, da sata, da zagin iyaye, da ɗaure shi a gidan mari. Wa'azinmu da faɗakarwarmu duk kan ƙwaƙwalwa suke tafiya. Amma akwai wata gaɓa da ƙwaya ke taɓawa ba tare da hayaniya ba, ita ce zuciya, musamman tsarin bugunta. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya fita da safe lafiya lau, sai a ji ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona. Kafin a samo babur ya cika. A ce kwana ya ƙare, wani ya ce jifa ne, wata ta ce iska ce ta buge shi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada, ba likitan da ya duba gawar, ba takardar da ta rubuta dalili. Ajali gaskiya ne, babu mumini da ke jayayya da shi. Sai dai ajali da sanadinsa yake zuwa, kuma neman sanin sanadi ba rashin tawakkali ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi kuma a can aka rufe shi a 1837, da hannunsa ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur.

Lantarkin da ke cikin ƙirji

Duk manomin rani ya san injin ban ruwa na iya zama garau, famfonsa ba tsaga, mai cike da tanki, amma idan filogi ya daina ba da wuta a kan kari, ko ɗigon ruwa ba zai hau gona ba. Zuciya ma haka take. Tsoka ce mai ɗakuna huɗu da ke tura jini, amma ba ta matsewa sai an ba ta umarni da lantarki. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke fitar da wannan tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, kusan sau 100,000 ke nan a kwana guda. Tartsatsin na bin wasu hanyoyi na musamman ya sauka zuwa manyan ɗakunan ƙasa, su matse, jini ya fita. Bayan kowane bugu, tsokar na buƙatar wani ɗan lokaci, ƙasa da rabin daƙiƙa, ta sake shiri. Wannan shirin kuwa da gishirin jiki ake yinsa: sodiyam, fotasiyam da kalsiyam, masu shiga da fita ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin tsokar.

Idan likita ya manna wa mutum wayoyin na'urar ECG a ƙirji, wannan tafiyar lantarki yake karantawa. Akwai wani awo a takardar da ake kira tazarar QT, wato tsawon lokacin da manyan ɗakunan ke ɗauka daga fara bugu zuwa gama shirin na gaba. Idan tazarar ta yi tsawo fiye da kima, wani tartsatsi na iya faɗowa kafin tsokar ta gama shiri, sai lissafi ya dagule. Maimakon ɗakunan su matse gaba ɗaya, sai kowane sashe ya kama rawar kansa. Zuciyar na motsi, amma jini ba ya fita. Cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya sume. Idan aka kai minti huɗu zuwa shida a haka, ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa.

Ba kowace rikicewar bugu ce ke kaiwa nan ba. Da yawa takan tsaya a abin da mutane ke cewa faɗuwar gaba, ko zuciya na dukan uku-uku, ko jiri idan an miƙe, ko ƙirji ya yi kamar ya tsallake bugu ɗaya. Irin waɗannan ne mai shan ƙwaya kan danganta da yunwa ko rana, ya ƙara wata a kai.

Sholisho da gudu

Cikin duk kayan maye da ake samu a yankin, babu wanda haɗarinsa ga bugun zuciya ya fito fili kamar abubuwan shaƙa: sholishon masu faci, fetur, gam, da sinadarin nan da ake kira sukudai. Su ne mafi araha, don haka su ne na ƙananan yara da marasa galihu, waɗanda ake gani da tsumma dunƙule a hannu a bayan tasha.

A 1970 wani likita a Amurka, Millard Bass, ya wallafa bincike kan matasa 110 da suka mutu farat ɗaya bayan shaƙar irin waɗannan sinadarai. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda mutuwar ke zuwa. Sau da yawa yaron ya shaƙa, sai wani abu ya firgita shi, ko ya tashi da gudu, ya yi 'yan taku ya faɗi matacce. Bayanin da likitoci suka tsaya a kai shi ne, tururin sinadarin na sa tsokar zuciya ta zama mai saurin harzuƙa da adirinalin, wato ruwan da jiki ke saki idan an tsorata ko an yunƙura. Adirinalin ɗin da lafiyayyen mutum zai ɗauka ba komai, shi ne ke jefa zuciyar mai shaƙa cikin waccan rawar da ba ta fitar da jini. Ba sai wanda ya daɗe yana yi ba. Yana iya faruwa a karon farko.

Wannan bayani na da muhimmanci ga iyaye, da 'yan banga, da duk wanda ya ɗora wa kansa gyaran yaran unguwa. Al'adarmu idan aka tarar da yaro yana shaƙa ita ce a daka masa tsawa, a zaro bulala, a bi shi da gudu. Niyyar mai kyau ce, amma a daidai wannan lokacin babu abin da ya fi haɗari a gare shi kamar firgita da gudu. A matso a hankali, a karɓe tsumman, a zaunar da shi inda iska ke kaɗawa. Faɗa ba ya guduwa. Gobe ma rana ce.

Lissafin miligiram

A Janairun 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a faɗin Nijeriya. Mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba, wasu kuma sun haɗa biyun. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3, kuma Kano ce kan gaba da kashi 16.

Tiramadol magani ne na gaskiya, asibitoci na ba da shi. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, kuma ƙa'idar likitoci ita ce kada babban mutum ya wuce miligiram 400 a kwana ɗaya, a rarrabe. Wadda ke yawo a kasuwannin ƙauye da jakunkunan 'yan talla kuwa, mai 200 ce, ko 225, ko 250. Guda biyu na mai 225 sun riga sun haye iyakar kwana guda, alhali wanda jikinsa ya saba yakan wuce biyu kafin azahar, domin abin da ya isar masa bara ba ya isar masa bana.

Ya kamata a faɗi abin yadda yake: manyan hanyoyin da tiramadol ke kisa su ne danne numfashi da jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai dai duka biyun a zuciya suke ƙarewa. Idan numfashi ya yi ƙasa, iskar da ke cikin jini ta ragu, bugun zuciya ya yi ta ja baya har ya tsaya. Bayan haka, tiramadol ba kamar sauran danginsa ba ne, yana ƙara yawan sinadaran da ke zaburar da jijiyoyi, shi ya sa ake ganin bugu mai sauri da hawan jini ga wanda ya sha da yawa, kuma likitoci sun sha ganin tazarar QT ta ƙaru a takardar ECG ta waɗanda aka kawo asibiti bayan sun zarce kima.

Labarin kodin kowa ya san shi. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin zuwa kasuwar bayan fage, washegari gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga irin waɗannan kwalabe ba kodin kaɗai ke ciki ba, akwai maganin mura mai sa barci, difenhidiramin. Cokali biyu ba ya komai. Wanda ya ɗaga kwalba guda ko biyu kuwa ya sha abin da ke toshe ƙofofin sodiyam da fotasiyam na zuciya.

A shekarar 2018 ɗin dai Indiya, inda mafi yawan tiramadol ɗin ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. Kasuwa ba ta mutu ba, kaya ta sauya. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, yana turo wa Afirka ta Yamma ƙwayoyi masu sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Abin da ke cikinsu tafentadol ne, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, haɗe da karisofrodol, maganin sassauta tsoka da ƙasashen Turai suka janye daga kasuwa. Cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin. Mai saye a ƙauye dai har yanzu tiramol yake cewa a ba shi, launin fakiti da lambar da ke jiki kawai yake dubawa.

Haɗe-haɗe

Ba kasafai abu ɗaya ke kayar da zuciyar saurayi ba. Taron dangi ake yi mata, kuma yanayin aikin rani kamar an tsara shi ne domin wannan taron.

A ɗauki wuni ɗaya na watan Afrilu. Mutum ya karya da shayi mai kauri da ƙwaya. Da hantsi ya ƙara da lemon ƙara kuzari mai cike da kafeyin. Gumi na zuba tun safe, kuma tare da gumin gishirin jiki ke fita. Ƙwayar ta ɗauke masa jin gajiya, wato ta kashe ƙararrawar da za ta ce masa ya nemi inuwa. Idan ya haɗu da gudawa ko amai, abin da ba baƙo ba ne ga mai shan ruwan fadama, fotasiyam da maganiziyam na jininsa su ƙara yin ƙasa, kuma ƙarancinsu kaɗai na tsawaita tazarar QT. Sai zazzaɓi ya zo, domin inda ruwa ke kwance sauro ba ya hutun rani. Ya biya kemis a haɗa masa magani. Kwinin da kulorokwin duk suna tsawaita tazarar, haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye ba takarda, irin su eritromaisin da sifrofuloksasin. Kowane ɗaya shi kaɗai, ga mai lafiya, da wuya ya yi illa. Idan suka taru a jikin da ruwa ya ƙare masa, magana ta canza.

Sauran kayan ma kowanne da irin ɓarnarsa. Wiwi na ƙara bugu 20 zuwa 50 a minti jim kaɗan bayan an zuƙa. Zaƙami da ƙwayar Exol suna cire wa zuciya birkin da jiki ke rage mata gudu da shi, suna kuma hana gumi, sai jiki ya ɗau zafi, baki ya bushe, zuciya ta yi ta sukuwa. Diyazefam da roci su kuma danne numfashi suke yi, shi ya sa haɗa su da tiramadol ko kodin ke sa mutum ya kwanta barci yana minshari mai nauyi, a tashe shi da asuba a tarar babu rai. Ƙanƙarar nan da ake kira ais, wadda aka gano gidan dafa ta na farko a Legas a 2011, ta fi su duka cin naman zuciya: tana kumbura ta, ta raunana ta, ta bar mata tabo, kuma tabo a tsokar zuciya shi ne matattarar rikicewar bugu.

Sannan ga halin da yankin ke ciki. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye a ƙaramar hukumar Rabah, jama'a suka kwarara Gandi gudun hijira. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 aka kashe. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, ko yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, barci kan ƙaurace masa, kuma abu mafi kusa da hannunsa shi ne ƙwayar barci ta kemis. Mata ma ba su tsira ba: binciken 2019 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya a Nijeriya mace ce. Wannan adadi ya fi tayar da hankali a Sakkwato, domin a nan ne binciken da Isezuo da Abubakar suka wallafa a 2007, daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya samu ciwon raunin zuciya na masu jego a haihuwa ɗaya cikin kowace 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Zuciyar da jego ya riga ya raunana ba ta da sauran juriyar ɗaukar wani nauyi.

Mintunan farko

Likitocin zuciya a birnin Sakkwato suke. Wanda zuciyarsa ta rikice a gona a bayan Goronyo ba shi da lokacin isa can. Ba shi ma da lokacin isa babban asibitin ƙaramar hukuma. Abin da ke mayar da irin wannan zuciya kan hanya na'ura ce mai ba ta girgizar lantarki, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Saboda haka rayuwarsa na hannun waɗanda ke tsaye a kansa.

Abin da aka saba yi shi ne a yayyafa ruwa, a ɗura madara ko manja, a cusa cokali a baki, a taru ana salati ana fifita. Salati a ci gaba da yi, amma ɗura wa sumamme abu a baki shaƙe shi ne. Idan an kira shi an girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko sai wani irin shiɗewa jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani na karɓar wani, yayin da ake neman abin hawa. Idan kuwa yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ya kwanta ta gefe don kada amai ya toshe masa maƙogwaro. Koyon wannan ba ya cin wuni guda. A ganina ƙungiyoyin manoman rani, da na 'yan kabu-kabu, da 'yan agajin masallatai sun fi kowa cancantar a koya musu, tun da su ne kullum a wurin da abin ke faruwa.

Idan Allah ya sa an isa asibiti, sai kuma wata matsalar ta taso, ita ce kunya. Ma'aikacin lafiya ya tambaya, “Baba, yaron nan yana shan wani abu?” Uba ya ce, “Haba likita, ɗana ko sigari ba ya sha.” Wataƙila har ransa haka ya sani, wataƙila kuma sunan gida yake karewa. Abokan aikin yaron da suka kawo shi sun san gaskiya, sun yi gum. Wannan shirun na iya zama ajalinsa. Akwai allurar naloksan da ke farfaɗo da numfashin wanda kodin ko danginsa suka danne cikin mintuna, amma sai an san abin da ya sha. Haka kuma, idan mutum ya zo yana fizge-fizge, ɗaya daga alluran da aka saba kwantar da shi da ita, halofiridol, ita ma tana tsawaita tazarar QT. Likitan da aka gaya wa gaskiya zai auna kafin ya zaɓa. Fakitin da aka samu a aljihun mara lafiya ya fi dogon bayani amfani. A tafi da shi.

Wanda ke shan ƙwaya kuma ya taɓa suma ba dalili, ko yake jin ƙirjinsa na bugu ba tsari, ko numfashinsa ke sarƙewa a aikin da da yake yi ba wahala, ko kuma a danginsu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, ya kamata a yi masa ECG. Gwajin minti biyar ne, babu allura, babu zafi. Dainawa kuma ba a yin ta dare ɗaya ga wanda jikinsa ya kama. Yanke diyazefam farat ɗaya na jawo jijjiga, yanke tiramadol na kawo ciwon jiki, gumi, rashin barci da ƙuncin da ke mayar da mutum ruwa cikin kwana biyu. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware na karɓar masu neman rabuwa da ƙwaya, a rage musu a hankali ƙarƙashin kulawa. Tsawaitar QT da magani ya jawo takan koma daidai idan maganin ya bar jiki aka kuma gyara gishirin jini. Ko zuciyar da ais ta kumbura, likitoci sun ga tana dawo da wani ɓangare na ƙarfinta cikin watanni ga wanda ya daina tun tabo bai yi yawa ba.